Ranar da gari ya hargitse, kirista ya tsaya ko ya kauce?

Wani ɗanmu na koral, wato mawaƙan majami'a, ne ya turo mini tambaya, na ɗan rage mata tsawo amma ga abin da ya ce: "Baba Fasto, in gari ya hargitse ana ƙona taya ana jifa, mu samarin ikilisiya me za mu yi? Wasu na cewa mu taru mu kwana cikin majami'a da sanduna mu tsare ta, wasu kuma na cewa duk wanda ya kulle gida ko ya gudu ai bangaskiyarshi ce ta yi rauni. Sannan saƙonnin da ake zubowa a gurup wai ga su nan tafe, in tura gaba ko in goge? Ina hikimar take a nan?"

To ɗana, na ji. Ka yi haƙuri amsar za ta yi tsawo, tsoho in ya samu mai saurare ba ya gajarta zance. Kuma ba daga takarda kawai zan amsa maka ba, don ina cikin garin nan na Damagaram ranar Juma'a 16 ga Janairu 2015, lokacin ina jin kai kana lakwal ƙaramin aji. Don waɗanda suka manta ko ba su yi wayo ba: jaridar nan ta Faransa Charlie Hebdo ta sake fitar da zanen Annabin Musulunci ranar Laraba 14 ga wata, mako guda bayan harin da aka kai ofishinta, ga shi kuma shugaban ƙasa na lokacin Mahamadou Issoufou ya je Paris ranar 11 ya shiga jerin gwanon da aka yi. Ran mutane ya ɓaci, kuma ni har gobe ina cewa ɓacin ran yana da dalili, zanen nan mu ma mun yi tir da shi, masu jaridar ai ba kirista ba ne, Yesun namu ma sun sha yi mishi ba'a. Amma da aka sauko daga Juma'a wutar kanmu ta faɗo. Aka ƙona majami'u, aka ƙona CCFN, wato cibiyar al'adun Faransa da Nijar, aka shiga makarantar mishan da shaguna da gidajen mutane, rai 5 ya salwanta nan Zinder, washegari abin ya koma Yamai can ma rai 5, 'yan sanda suka ce majami'u 45 aka ƙona a can. Ba kuma shi ne na farko ko na ƙarshe ba, a Satumban 2012 an taɓa afka wa majami'ar Katolika ta nan, a Yunin 2019 kuma aka ƙona wata a Maradi. Saboda haka tambayarka ba ta mai neman surutu ba ce.

Bari mu fara da Littafi, don akwai tarzoma sukutum guda da aka rubuta mana daga farkonta har ƙarshenta, Ayyukan Manzanni sura 19, ka buɗe ka karanta daga aya 23 kafin ka ci gaba da nawa. A Afisa ne, garin yana ƙasar Turkiyya ta yau, filin wasan da aka taru ma yana nan har yanzu, yana cin mutum wajen 25,000. Wani maƙerin azurfa Dimitiriyas ya ga cinikin ƙananan ɗakunan gunkin Artimis da yake ƙerawa zai mutu saboda wa'azin Bulus, sai ya tara 'yan sana'arshi, ya fara da maganar aljihu ya ƙare da maganar darajar allahiyarsu. Ka lura da wannan jerin, don har yau haka tarzoma take tafiya, ana ɗaura mata rawanin addini alhali ƙarƙashi akwai ciki da kasuwa da siyasa. Gari ya ɗauka, aka cafke abokan tafiyar Bulus biyu, Gayus da Aristarkus, aka ja su filin, ana ta ihu wajen awa biyu. Aya ta 32 ita ce ke ba ni dariya da hawaye lokaci guda, wai yawancin waɗanda suka taru ba su ma san dalilin taruwar ba. Na ga wannan da idona a 2015, yaro ɗan shekara 13 yana gudu da bencin majami'a a ka, ka tsare shi ka ce mece ce Charlie Hebdo sai dai ya kalle ka.

To me Bulus ya yi? Ya so ya shiga filin, mutum ne mai zuciya, ba matsoraci ba. Almajirai suka hana shi. Sannan waɗansu manyan ƙasar waɗanda abokanshi ne, suka aiko mishi da saƙo suna roƙo kada ya kuskura ya shiga. Kuma ya ji. Manzo guda, wanda ya sha bulala ya sha jifa ya sha kurkuku, ya zauna cikin gida ana ihu a waje don 'yan'uwa sun ce zauna, da ƙura ta lafa kuma ya yi sallama da su ya bar garin. In wani cikinku ya fi Bulus bangaskiya to ya zo in gan shi. Wannan Bulus ɗin ne aka zurara cikin kwando ta katangar Dimashƙu da dare. Yesu da kanshi a Matiyu 10:23 ya ce in an tsananta muku a wannan gari ku gudu zuwa wancan, kuma cikin surar ne ya ce mu zama masu wayo kamar maciji marasa ɓarna kamar kurciya. Maciji in ya ji takun ƙafa ba ya tsayawa gardama, rami yake nema. Karin Magana 22:3 ma ta ce mai hankali ya hango masifa ya ɓuya, wawa ya kutsa ya sha wuya. Don haka masu cewa gudu rashin bangaskiya ne su nuna mini ayarsu. Musun Almasihu daban, kauce wa jifa daban. In aka tsare ka aka ce ka musanta shi, nan ne wurin tsayuwa, kuma Ubangiji zai ba ka abin faɗa. Amma ka fita kana neman inda ake jifa don a ce kai jarumin Yesu ne, wannan gwada Allah ne, irin wanda Shaiɗan ya so Yesu ya yi a kan ƙololuwar haikali.

Ni kaina na kusa yin wannan wautar, bari in tona wa kaina asiri. Ranar nan tun wajen ƙarfe goma sha ɗaya maƙwabcina, dattijo ne mai sayar da hatsi, musulmi na sahun gaba, ya leƙo zaurena ya ce Fasto yau kada ka fita, kada yara su fita, iskar garin ba ta yi mini ba. Na ce to Alhaji na gode. Yana juya baya na hau babur na nufi majami'a wai zan kwaso rajistan baftisma da na aure da takardar fili. Ina cikin ɗaure su da igiya na fara jin hayaniya daga nesa kamar ruwa na tahowa, wani ɗan kabu-kabu da ban ma san sunanshi ba ya tsaya bakin ƙofa ya ce baba ka bar wurin nan yanzu yanzu. Na bi lungu na dawo gida, na tarar matar Alhaji ta riga ta tsallakar da iyalina ta katangar baya, an taka turmi an haura, tuwo na kan wuta aka bar shi, 'yan matana biyu ta sa musu hijaban 'ya'yanta ta tura su ƙuryar ɗaki bayan buhunan gero. Ni ma na haura. Muna ciki muna jin su a layin, ƙaramar tana son yin tari uwar ta toshe mata baki da gefen zane. Shi kuwa Alhaji ya shimfiɗa tabarma a ƙofar gida ya zauna da carbinshi, da suka zo suna tambaya ina faston nan ya shiga, muna jin muryarshi bai ko ɗaga ta ba, ya kira biyu cikinsu da sunan ubanninsu, ya ce wane ɗan wane, kai ne yau za ka shiga gidana ba sallama? Shi ke nan. Suka wuce. Da dare aka kai mu barikin soja inda ɗaruruwan 'yan'uwa suka fake. Rajistan da na kusa ba da raina dominsu kuwa na bar su a kan teburi wajen gudu, sun ƙone.

Abin da nake so ka gani cikin labarin nan shi ne abin da ya tsare mu ranar ba ranar aka yi shi ba. Shekara goma sha wani abu muna gaisawa da mutumin nan, an yi mishi rasuwa na je na zauna kwana uku, sunan jikokinshi ina wurin tun asuba, da Sallah naman layya na shigowa gidana, da Kirsimeti shinkafa na shiga nashi, lokacin da famfo ya ɗauke mako guda, abin da duk ɗan Damagaram ya sani, bidona da nashi amalanke ɗaya ke ɗauko su. Ba a fafe gora ranar tafiya. Kuma ka koma Afisa ka ga, su wa suka aiko wa Bulus gargaɗi? Manyan gari ne masu hulɗa da bautar da Bulus bai yarda da ita ba, amma Littafi ya kira su abokanshi. Yaushe ya yi abota da su? Ai ba ranar ihun ba.

Sai babbar ayar da na fi so ku samari ku haddace, aya ta 37. Magatakardan gari ya tashi ya kwantar da taron, ya ce mutanen nan da kuka kawo ba su yi sata a haikali ba, ba su kuma zagi allahiyarmu ba. Ka yi tunani, Bulus ya yi fiye da shekara biyu yana koyarwa a garin nan kullum, bai ɓoye abin da ya gaskata ba har cinikin gumaka ya girgiza, amma mutumin da ba kirista ba ya iya tsayawa gaban dubban mutane ya shaida cewa bai taɓa zagin abin bautarsu ba, kuma ba wanda ya tashi ya ƙaryata shi. Yanzu ni ina tambayarka, in aka karɓi salularka aka buɗe Facebook ɗinka da abin da kake rubutawa ƙarƙashin bidiyon muhawarar addini, mai unguwarku zai iya yi maka irin wannan shaidar? Ina ganin abin da wasunku ke rubutawa, kada ku ɗauka tsoho ba ya shiga intanet. Ƙidayar 2012 ta nuna fiye da kashi 99 cikin 100 na 'yan Nijar musulmi ne, kalma ɗaya da yaro ɗaya zai rubuta yana kwance kan katifa tana iya jawo wa tsohuwar da ba ta ma san ana yi ba ƙonewar ɗakinta. Ko da mu ne masu yawa ma ba a ba mu izinin zagi ba, 1 Bitrus 3:15 cewa ta yi mu ba da amsar begenmu da tawali'u da girmamawa. Mu ma a majami'armu akwai abin da muka gyara bayan 2015, lasifikarmu da ke kallon titi muka juyo da ita ciki, kuma in lokacin kiran sallah ya yi masu ganga kan sassauta. Wani dattijon ikilisiya ya ce wannan tsoro ne, na ce mishi a'a ladabi ne da ya kamata mu yi tun ba a ƙona mu ba, kunya ce ma a ce sai da wuta ta koya mana.

Maganar sanduna kuwa amsata a'a ce, kuma ba a'a ta diflomasiyya ba. Ku nawa ne? Ku ashirin, ku talatin? Taron da na gani ba ya ƙirguwa, sandarku ba abin da za ta ƙara sai dalilin da za a ce ai su suka fara, kuma in kuka fasa kan yaro ɗaya to an samu gawar da za a zagaya gari da ita. Wannan lissafin duniya ke nan. Na Littafi kuma, Bitrus ya zare takobi a gonar Gatsemani don ya kare wanda ya fi kowace majami'a daraja, ya sare kunnen Malkus bawan babban firist, Yesu ya ce mai da takobinka kube, ya kuma taɓa kunnen ya warkar. In ba a yarda a kare Yesu da takobi ba, ta yaya za a kare bulo da kwano da shi? Gini mun sake yi, wanda muke ciki yanzu ma ya fi na da faɗi, amma waɗanda suka mutu ranar ba wanda ya dawo da su, har da na cikin masu zanga-zangar, su ma 'ya'yan wasu ne. Na san za ku kawo mini Nehemiya, wanda ya sake gina katangar Urushalima, wai ya yi addu'a ya kuma sa masu tsaro da makamai. Gaskiya ne, yana cikin sura 4. Amma Nehemiya gwamna ne, da takardar sarkin Farisa a hannunshi, wato shi ne hukuma a wurin. Makwafinshi a yau su ne gwamna da jandarma da 'yan sanda da soja, ba 'yan koral ba. Abin da za ku ɗauka daga Nehemiya shi ne ido, a samu masu lura, a san lambar komisariya, a san wanda zai kira, a san ƙofar da mata da yara za su fita. Ban ce uba ya naɗe hannu yana kallo a kama ɗanshi cikin ɗakinshi ba, wannan wata magana ce kuma ba zan ɗora wa kowa laifi a kanta ba. Amma shirya runduna da sunan ikilisiya, a kwana ana jiran faɗa, wannan ba da yawuna ba.

A barikin nan dare na biyu wani saurayinmu ya same ni, idonshi ja, shagonshi na ɗinki ya ƙone da kekuna uku da kayan mutane, ya ce Baba na gane biyu cikinsu, na san gidansu, lita biyar ta fetur ta ishe ni. Ban buɗe mishi Romawa 12, mai hana ramuwa, nan take ba, wanda cikinshi ke tafasa ba ya jin aya. Na ce zauna, na sa aka kawo shayi, na bar shi ya lissafa mini duk abin da ya ƙone ɗaya bayan ɗaya har da almakashin da ubanshi ya bar mishi, a nan ne ya fashe da kuka. Sai can na ce to gidan da za ka ƙona, wa ke kwana ciki? Ya ce uwarsu da ƙannensu. Na ce su suka ƙona shagon? Ya yi shiru. Abin da Abigel matar Nabal ta yi wa Dawuda ke nan a 1 Sama'ila 25, ya ɗauko mutum 400 da takuba zai shafe gidan Nabal saboda cin mutunci, ta tare shi a hanya da gurasa 200 da tumaki 5 gyararru, ba ta ce mishi ba a yi maka laifi ba, ta ce kada ka ɗauki jinin da zai dame ka ranar da ka hau sarauta. Dawuda ya gode wa Allah da ya aiko ta. Saurayin nan yau yana da shago da yara masu koyo, kuma cikinsu akwai musulmi.

Amma kada ka fahimce ni a karkace, gafara ba ta hana kai ƙara. Yesu da aka mare shi gaban babban firist ya tambaya, in na faɗi mugun abu ka nuna, in kuwa daidai na faɗa don me ka mare ni. Bulus a Filibi da aka yi musu bulala ba shari'a ya ƙi fita a ɓoye, ya ce mahukuntan su zo da kansu su fitar da su, a Urushalima kuma ana shirin zane shi ya ce halal ne ku bulale Baroma ba a yanke mishi hukunci ba? Magatakardan Afisa ma abin da ya ce wa Dimitiriyas ke nan, kotu a buɗe take. Mu 'yan ƙasa ne, ba baƙi ba, bishara ta shigo Zinder tun 1924 da 'yan mishan na SIM, akwai gidajen da kakanni da jikoki duk a nan aka binne cibiyarsu. In an ƙona maka ka rubuta, ka ɗauki hoto, ka kai wa hukuma, ka bi ta hannun shugabannin ikilisiya da kwamitin tattaunawa tsakanin addinai, a je fadar Sarkin Damagaram a faɗa. Ko an biya ka ko ba a biya ba, wannan wani zance ne mai ɗaci da ba zan buɗe yau ba.

Saura saƙonnin gurup. Goge, ko ka riƙe ka bincika, amma kada ka tura. Fitowa 23 aya 1 da 2 kamar don WhatsApp aka rubuta su, kada ka baza labarin ƙarya, kada ka bi taro zuwa mugunta. Karin Magana 26:20 ta ce in ba itace wuta mutuwa take. Bayan 2015 akwai daren da wani saƙon murya ya zagaya, mace tana haki tana cewa an taru a wajen Kasuwar Dole ana tahowa, mata suka kwashi yara cikin duhu, wata mai ciki ta faɗi a kwata, ashe biki ne ake kai amarya da babura. Wadda ta fara turawa ba muguwa ba ce, tsoro ne ya tura ta, amma ɓarnar ta riga ta auku. Ka tambayi saƙo abu uku kafin ka yarda da shi, wa ya gani da idonshi, a ina, da ƙarfe nawa. Saƙon da ya fara da "an ce" ko ya ƙare da "tura wa duk kiristan da ka sani" ka san maƙerinshi bai so a gane shi ba, sau da yawa ma tsohon bidiyo ne na wata ƙasa aka sake mishi suna. In kuwa labarin na da tushe, ka yi irin ta ɗan 'yar'uwar Bulus a Ayyukan Manzanni 23, yaro ne ya ji mutum fiye da 40 sun yi rantsuwar kashe kawunshi, bai hau kan katanga yana shela ba, ya je ya gaya wa Bulus, Bulus ya tura shi wurin shugaban soja, aka fitar da shi da dare. Wato ka kira fasto ko dattijo ɗaya, shi ya kira hukuma ya kira mai unguwa. Mutum ɗari biyu a gurup ba abin da za su yi da labarin sai firgita.

Kuma kada ku dogara da salula gaba ɗaya. Bayan zaɓen Fabrairun 2021 an yanke intanet na waya wajen kwana 10, bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 kuma kun ga yadda aka rufe iyaka, Najeriya ta yanke kuran, kaya suka yi tsada. Ranar da ake buƙatar reso ranar yake ɓacewa. Kowane gida ya san tun yau inda za a haɗu in an watse, wa zai ɗauko yara daga lakwal, lambobi a rubuce a takarda, fotokofin takardar haihuwa da katin ɗan ƙasa da takardar fili a ajiye wani gida daban, maganin mai hawan jini da mai ciwon suga, ɗan kuɗi ko jika biyar ne, bido biyu na ruwa. Ku samari aikinku ke nan, ku san tsofaffi da gwauraye da naƙasassun ikilisiya gida gida, wa zai ɗauki wa. Wannan ya fi kwana da sanda wuya, shi ya sa ba a rububinshi.

Tunda na taɓo 2021 da 2023, ba kowace hargitsi ce ta addini ba, wata ta siyasa ce, wata ta tsadar rayuwa, wata ta ɗalibai, lokacin korona ma an yi ta kan rufe wuraren ibada. A irin waɗannan za ka tarar cikin benci ɗaya wannan na goyon bayan wancan na adawa, kuma kowa na da 'yancin ra'ayinshi, ban hana kirista faɗin gaskiya ga mai mulki ba, annabawa ai aikinsu ke nan. Abin da na hana shi ne a mai da bagade dandalin jam'iyya, da kuma ka bi taro ka jefi kanti ko ka kwashi kayan da ba naka ba wai ai kowa na ɗiba. Wanda aka taɓa wawashe wa majami'a bai kamata a gan shi da buhun shinkafar wani a ka ba. Irmiya ya rubuta wa waɗanda aka kwashe zuwa Babila, garin da ya ƙone musu haikali, ya ce su nemi lafiyar garin su yi mishi addu'a don cikin lafiyarshi tasu take. Su bayi ne a ƙasar wasu aka ce musu haka, balle mu da Damagaram garinmu ne.

Yaran nan kuma da ake kira 'yan pale, na Kara-Kara da sauran kartiye, waɗanda duk abin da ya tashi su ake fara nunawa da yatsa, ba duka ne suka shiga ba, waɗanda suka shiga ma yawancinsu ba aiki ba lakwal, wanda ya ba su jika guda ko ya ba su dalilin ihu shi ne ubangidansu na ranar. Kuna wuce fadarsu kullum kuna sauri kamar kun ga kura. Ku tsaya ku yi sallama, ku sha kofi ɗaya na shayi, ku buga ƙwallo tare, ku san sunayensu. Alhaji bai kori taron nan da ƙarfi ba, sunan uban yaro ya sani.

Yakubu a wasiƙarshi ya ce wanda ya rasa hikima ya roƙi Allah mai bayarwa a yalwace ba gori, kuma a sura 3 ya faɗi kamanninta, tsattsarka ce da fari, sannan mai son salama, mai sauƙin kai, mai jin shawara, cike da jinƙai. Wannan "mai jin shawara" ita ce ta fi yi wa samari wuya, ni ma ita ta kayar da ni ranar da Alhaji ya ce kada in fita na fita. Alhajin nan shekarun baya ya rasu, na bi gawarshi har maƙabarta na tsaya gefe ana sallah, ɗanshi na fari ya zo ya kama hannuna ya kai ni cikin dangi wurin karɓar gaisuwa.

Ranar Asabar bayan kun gama koyon waƙa ku same ni gida, kai da masu maganar sandunan duka, kada ka bar su baya. Ku zo da takarda da biro mu rubuta gidajen tsofaffin kartiye kartiye, daga nan mu taka mu gaida mai unguwa da liman kafin la'asar. Ganyen shayi ku zo da shi, sukari da gawayi akwai.